Yadda za ku karrama masu tsaya wa 'ya'yan riƙo a kotu ba tare da kun tona asirin yaran ba

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu nan Jos, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Wata safiya cikin sanyin nan na Disamba na haɗu da ita a bakin titi tana tare keke, ta rungume wani fayil a cikin leda baƙa saboda raɓa, ɗaya hannun kuma tana riƙe da wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba, an saka mata suwaita da ta yi mata yawa har an naɗe hannun sau biyu. Na ce Mama ina zuwa da farar safiyar nan, ta ce kotu 'yata, yau ma kotu. Yarinyar ba jikarta ba ce, ba ta haɗa komai da ita ba. 'Yar riƙo ce da aka yi ta ja-in-ja a kan inda za ta zauna, Mama ce ke zuwa gidan da take ta ga ko ta ci abinci, ta leƙa makarantarsu ta tambayi malamin ajinsu, ta rubuta abin da ta gani da idonta ta kai wa lauyan da shi ma kyauta yake yi. Da yamma na sake ganinta, na ce ya aka ƙare, ta ce an ɗage zaman. Ta biya kuɗin keke zuwa da dawowa daga ɗan fanshonta, ta sai wa yarinyar ƙosai da kunu, kuma ranar da aka sa za ta sake komawa.

Irin su Mama nake nufi in na ce a karrama masu tsaya wa yara. Mun taɓa shirya musu ɗan taro ni da wasu 'yan uwa, mun yi daidai a wasu wuraren mun yi kuskure a wasu, shi ne na ce bari in rubuta yadda ake yi ko wani zai amfana.

Wannan aikin fa yana da tarihi. A Amurka, a birnin Siyatil, wani alƙali mai suna David Soukup ne a 1977 ya ga yana yanke hukunci a kan rayuwar yara alhali bai da cikakken bayani a kansu, sai ya nemi mutanen gari su sa kai, a horar da su, kowa ya ɗau yaro ya bi lamarinsa ya dawo ya gaya wa kotu abin da ya fi wa yaron alheri. Shi ne tsarin da ake kira CASA, ana ba su horo na kamar awa 30, alƙali ya rantsar da su, kuma ba a biyansu albashi. Mu a nan tsarinmu daban ne. Muna da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, jihar Filato ta yi tata a 2005, dokar ta tanadi kotun iyali, ta yi maganar riƙo, ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, ta kuma ba kotu dama ta naɗa wanda zai tsaya wa yaro a shari'a. Amma masu ɗaukar nauyin a ƙasa su ne lauyoyin da ke karɓar irin wannan shari'ar kyauta, matan ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, 'yan bautar ƙasa da suka karanci lauya, sai malaman makaranta da masu unguwanni da iyaye mata irin su Mama. Duk wanda ya zauna a garin nan ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san marayu nawa aka bari a hannun kawu da goggo da maƙwabci, wasu an riƙe su riƙon amana wasu kuma riƙon sakainar kashi.

Toh abu na farko, ku zauna ku fitar da sunaye, kuma kar ku yi shi a cikin guruf na WhatsApp inda kowa zai jefo sunan amininsa. Ku kafa ƙaramin kwamiti, mutum huɗu ko biyar sun isa, a sa mace aƙalla biyu domin yawancin masu wannan wahalar mata ne kuma mata ne suka san su. Ku je ku tambayi jami'an walwalar jama'a, ku tambayi lauyoyin, ku tambayi masu riƙon yaran: wa ke zuwa? wa ke ɗaga waya ƙarfe goma na dare? Za ku sha mamaki, sunan da zai yi ta dawowa sau da yawa ba na mai yawan magana a taro ba ne. Kuma dan Allah kar a ce sai wanda ya ci shari'a. Akwai wanda ya shekara biyu yana sintiri a ƙarshe hukunci bai zo yadda yake fata ba, ya koma gida ya yi kukansa shi kaɗai, wannan ya ma fi kowa buƙatar a ce masa sannu da ƙoƙari. Ban kuma son tsarin nan na na ɗaya na biyu na uku, ba gasar karatu ake yi ba. Mutum goma ne, a kira goman.

Kafin ku buga komai ku je ku same su ɗaya bayan ɗaya ku nemi izini. Wannan wajen mutane na raina shi. Wani ba ya son a ambaci sunansa a lasifika sam, saboda dangin yaron da ya tsaya wa har yanzu suna jin haushinsa, suna ganin shi ya shiga sharo ba shanu ya kai maganar gida kotu, in kuka ɗaga shi a bainar jama'a kun jawo masa magana. Wani kuma don Allah ya yi, yana tsoron riya, ba ya son ladansa ya ragu. Irin waɗannan sai ku bi su gida mutum biyu ko uku da 'yar kyautarku da wasiƙa, a gaisa a yi addu'a a tashi. Karramawa ce ita ma, wani lokacin ta fi ta hol shiga rai.

Yanzu ga inda zan daɗe, maganar yaran.

Kar ku kawo yaron da shari'arsa ke gaban kotu wajen taron. Kar ku sa hotonsa a jikin allon sanarwar taro, kar ku haska shi a bango, kar ku ambaci sunansa ko makarantarsa ko layin gidansu. Wannan ba ra'ayina kawai ba ne, dokar da na ambata ta hana wallafa suna ko adireshi ko makaranta ko hoto ko duk abin da zai sa a gane yaron da lamarinsa ke gaban kotu. Ko da ba doka ma, ku duba abin da idon uwa. Na taɓa zuwa wani taro, ba zan faɗi masu shi ba, aka jero yara shida a gaba an saka musu riga iri ɗaya, mai gabatarwa ya riƙe makirfo yana cewa wannan matar kawunta ce ta ƙona mata hannu, wannan an tsince shi a tasha, jama'a sai salati ake wayoyi kuma duk sun tashi sama ana ɗauka. Ni idona na kan wata 'yar yarinya a ƙarshen layi, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta da yatsa biyu, har aka gama ba ta ɗago ba. Kafin magariba bidiyon ya zagaya Facebook da TikTok. Yarinyar nan za ta koma aji ranar Litinin, za ta girma, wata rana za a zo neman aurenta, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. Wallahi ranar ban iya cin abincin taron ba.

Kuma ku sani Jos ƙaramin gari ne. Ko ba ku faɗi suna ba, in kuka ce yarinyar nan ta Rikkos da babanta direban tifa ya rasu bara, ai kun gama faɗa, rabin mutanen wajen sun gane ta. Don haka in za a ba da labari a cire unguwa, a cire sana'ar iyaye, a cire shekarar, a bar aikin da mai sa kan ya yi kawai. Ku ba mai gabatarwa rubutacciyar takarda ku ce kar ya ƙara ko kalma ɗaya daga kansa, domin masu riƙe makirfo in taro ya yi daɗi baki na kuɓuce musu. A bakin ƙofa a sanar ba a ɗaukar bidiyo, mai hoto ɗaya ne na kwamiti, shi ma waɗanda suka yarda kawai zai ɗauka.

Toh ta yaya za a ji muryar yaran? Akwai hanya. Yaron da ya ga dama, ba tilas, zai iya yin zane ko ya rubuta layi biyu ba suna, a saka a ambulan a miƙa wa mai shi ya buɗe a gida, ba a karanta a taro ba. Mama har yau tana ajiye da wani zane a cikin fayil ɗin nan nata, mace ce da ƙaton mayafi da jaka, an zana keke a gefe da kala ruwan ɗorawa. In kuma akwai wanda ya tashi a riƙo yanzu ya wuce shekara 18, shari'arsa ta ƙare tuntuni, shi da kansa ya ce yana so ya yi magana, a ba shi minti biyar, amma a zauna da shi tukuna a ji abin da zai faɗa, a tuna masa yana da ƙanne da labarin ya shafa.

Sai rana da wuri. Ranar 5 ga Disamba ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu aikin sa kai, ta fi dacewa, ba ruwan sama, sai dai sanyi da ƙura don haka a yi shi da hantsi zuwa azahar kar a kai yamma. Wasu za su ce 27 ga Mayu ranar yara ko 16 ga Yuni ranar yaran Afirka, ba laifi, amma waɗannan ranakun hankali na kan yara ne da fareti, ga damina ta kankama, in za ku yi a lokacin ku nemi wuri mai rufi kar ku dogara da kanofi. Ku zaɓi Asabar, ranar aiki lauyoyi na kotu, Juma'a da Lahadi kuma kun san ba za a samu kowa da kowa ba. Wurin ma a yi tunani, a garin nan akwai unguwar da wani ba zai sake jiki ya shiga ba, ku nemi hol na makaranta ko wani wuri a tsakiyar gari da musulmi da kirista duk za su zo hankali kwance, keke ɗaya daga kasuwar Taminus. A buɗe da addu'ar liman a rufe da ta fasto ko a juya, kowa minti biyu. Liman zai tuna mana hadisin da Annabi (SAW) ya haɗa yatsu biyu ya ce shi da mai riƙon maraya haka suke a Aljanna, fasto kuma yana da ayar da ta ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu. A wannan maganar dai ba mu da saɓani.

Maganar kuɗi a yi karo-karo, a rubuta kowace naira a littafi. Amma akwai kuɗin da ba a karɓa. Duk wanda ke da shari'ar riƙo a gaban kotu yanzu, ko kawun yaro ne ko mariƙi, kar ku karɓi gudummawarsa ko da buhun ruwa ne, gobe ɗaya ɓangaren zai ce an sayi mai sa kan, shikenan kun ɓata masa sunan da ya yi shekaru yana karewa. Haka alƙalin da ke kan kujera da ma'aikatan kotu, kar a ba su kyauta kar a sa su cikin waɗanda za a karrama, za ku jefa su cikin zargi. In kuna son mai shari'a ya yi jawabi ku nemo wanda ya yi ritaya. 'Yan siyasa kuma in sun ba da taimako a gode, amma ba hoton kowa a jikin allon sanarwa, ba a jiran kowa kafin a fara. Mu mun yi wannan kuskuren, mun ajiye tsofaffin mata awa biyu cikin sanyi muna jiran babban baƙo, ya zo ya yi jawabi mai tsawo ya tafi kafin a kira sunan mutum ɗaya. Har yanzu abin na damuna. Kujerun gaba na waɗanda ake karramawa ne da iyalansu, su za a fara ba abinci, kowane mai muƙami ya zauna a bayansu.

Eh, da iyalansu. Mijin da ya bar matarsa tana fita kotu da ofishin walwala ba tare da ƙorafi ba, matar da ta haƙura mijinta lauya ya bar shari'ar kuɗi ya tafi ta kyauta, 'ya'yan da aka raba abincinsu da baƙon yaro, a kira su a ce an gode. Mijin Mama da aka ambace shi sai da ya cire hula ya share ido.

Abin da za a faɗa a kan kowane mutum shi ne zuciyar taron, ku ba shi lokaci. Satifiket da aka rubuta “don gudummawarsa ga al'umma” kowa na da irinsa a bango, ba ya nuna kun san abin da mutum ya yi. Ku rubuta wa kowa nasa layi huɗu ko biyar. Misali a ce: Mama, kin je kotu sau da yawa ana ɗagewa ba ki taɓa cewa kin gaji ba, kin gano yarinya ba ta ganin allo sosai kin kai ta aka duba idonta, kin faɗa wa kotu gaskiya ranar da gaskiyar ba ta yi wa manya daɗi ba, Allah ya saka miki da alheri ya jiƙan mahaifa. Ko a ce wa lauya: Barista, ka karɓi fayil ɗin da ba kobo a cikinsa ka riƙe shi kamar na attajiri. A karanta da Hausa a hankali, wanda ya san mutumin shi zai karanta, a bar shi ya tsaya a tafa masa, kar a yi gaggawar kiran na gaba. In ma'aikaci ne ko ɗan bautar ƙasa ku ƙara da wasiƙa zuwa ga shugabansa a wajen aiki da sa hannun kwamiti, wannan takardar za ta yi masa amfani nan gaba fiye da kowane allo mai ƙyalli.

Kyauta kuma ku duba abin da aikin ke ci musu. Turmin atamfa ko yadin shadda yana da kyau, mutuncinmu ne, yaba kyauta tukwici. Amma ku haɗa da abin aiki, jaka mai kyau da ruwa ba ya shiga don fayil, laima, bargo ko rigar sanyi, katin waya, fawa bank saboda wayarsu ba ta hutawa. Mafi girma a wajena shi ne ku rage kuɗin kwalliyar hol da su balan-balan ku buɗe ɗan asusu na kuɗin mota da fotokofi, a damƙa wa mutum biyu amintattu, duk mai sa kan da zai je kotu ko ziyarar gida ya karɓa ya sa hannu. Ba albashi ba ne kuma kar a kira shi albashi, mayar wa mutum abin da ya kashe ne. Da yawa da suka daina wannan aikin ba zuciya ce ta gaza ba, aljihu ne.

Abinci kar a wahalar da kai, masa da miya, ko jalof da dankalin turawa tunda garin dankali muke, zobo da kunun aya, shayi mai zafi in Disamba ne. Awa biyu a tashi.

Kar ku manta da waɗanda suka rasu suna wannan hidimar. A yi musu addu'a da suna in iyalansu sun yarda, bayan taro a kai kyautarsu gida a miƙa wa matar ko 'ya'yan. Masu riƙon yaran na kirki su ma a ce su miƙe a gaishe su gaba ɗaya, amma ba a haɗa sunan mariƙi da na mai sa kai a jimla ɗaya, nan take za a gane yaron.

Kafin a watse ku ajiye takarda da biro a bakin ƙofa, duk wanda zuciyarsa ta motsa yana so ya shiga aikin ya rubuta suna da lamba. Amma kar a miƙa wa kowa yaro don kawai ya rubuta suna a taro, sai an bincika halinsa a unguwarsu, an zaunar da shi lauya da jami'in walwala sun koya masa abin da doka ta ce da yadda ake riƙe sirri da yadda ake rubuta rahoto ba ƙari ba ragi, sannan ya fara bin wani tsohon hannu yana gani. Ba a ziyarar yaro a ɗaki a rufe, ba a ɗaukarsa a kai shi gidanka, waɗannan tun ranar farko ake faɗa.

Washegari a mayar da kujerun haya, ma'aji ya karanta wa kwamiti abin da ya shigo da abin da ya fita, hotunan da aka ɗauka a tura wa masu su kai tsaye su suka san inda za su sa. Sannan ku karɓi ranakun zaman kotu na wata mai zuwa daga hannun kowane mai sa kai, ranakun kawai ba sunan yara ba, ku raba a tsakaninku. Ranar da Mama za ta koma mutum ɗaya ya kira ta da daddare ya ce Mama gobe ƙarfe nawa, mai mota ya zo ya ɗauke ta, in ba mota a aika mata kuɗin keke tun da yamma, in ta dawo kuma a sake kira a ji ko an yi zaman ko an ƙara ɗagewa.